Rufi Uku a Kan Ɗakin Hajiya

Gidanmu na unguwar Gorton, a Manchester, irin gidajen nan ne na jan bulo da ke manne da juna tun daga farkon layi har ƙarshensa. In maƙwabci ya yi atishawa sai ka ji kamar ka amsa masa. Babban ginin rufinsa mai gangara ne, na falalen baƙin dutse, kuma bai taɓa ba ni wahala ba. Amma a baya akwai ƙarin gini da mai gidan na farko ya yi, kicin da wani ɗan ɗaki mai taga tana kallon tsakar gida. Shi rufinsa shimfiɗaɗɗe ne kamar na soro. Katako ne a ƙasa, a sama kuma an manna wata baƙar tabarma ta kwalta da suke kira felt. Ranar da muka fara zuwa duba gidan, na leƙa ta tagar bene na hango shi, sai na ji hankalina ya kwanta. Na ce wa matata, "Hajiya, zo ki ga soro irin na gida."

Ta leƙa ta ce, "To, Malam. Sai dai ban ga ranar da za a shanya kuɓewa da ita ba."

Mahaifina magini ne, Allah ya jiƙansa. A garinmu, da an fara ganin hadari yana leƙowa daga gabas, ba ya wuni a gida. Wannan ya kira shi, wancan ya kira shi, kowa yana so a yi masa yaɓe kafin ruwan farko. Za ka ga an kwaɓa ƙasa a ƙofar gida, ana curawa ana cilla masa sama, shi kuma yana durƙushe a kan soro yana shafewa, a bi da makuba, a gyara bakin indararo. Bara an yi, bana a sake yi a kai, baɗi ma haka. Abin da idona ya gani ke nan daga titi. Ban koyi sana'ar ba. Ina gama firamare na bi motar kaya zuwa Kano na kama tuƙi, tuƙin kuma shi ya yi ta ja na har ƙasar nan, inda na yi shekara ashirin da shida ina jan bas a Manchester. Duk da haka, ko'ina aka zo maganar gini, a masallaci ko a wurin suna, sai na gyara zama na ce, "Ai ni ɗan magini ne." Mutane kuma su yi mini kara su yi shiru.

Karo na farko da rufin bayan ya yi yoyo, ɗakin na ajiya ne kawai. Buhun shinkafa, tsohon keken 'yarmu, da akwatunan da muke ta cewa za mu koma gida da su. Na sa aka manna sabuwar tabarmar kwalta a kan tsohuwar. Yoyo ya tsaya. Ya yi shekara shida ko bakwai bai ɗiga ba. Da a ce tun a lokacin abin ya ƙi, da ya fi mini alheri. Amma ya yi, sai na ƙara gaskata kaina.

A cikin shekarun nan ne gwiwoyin Hajiya suka fara ƙi. Hawa bene ya zama mata aiki, sai ta tsaya a tsakiya ta riƙe ƙarfe tana numfashi. Muka kwashe kayan ajiya, aka sa mata gado a ɗakin baya. Ta mai da shi nata. Sallayarta a gefen gado, rediyonta a kan durowa, tukunyar na'a-na'a a bakin taga. Ran Lahadi matan garinmu da ke Old Trafford da Moss Side su zo su cika ɗakin, ina falo ina jin shewarsu. Ta sha gaya mini cewa tun da muka zo ƙasar nan ba ta taɓa samun ɗakin da ta ji nata ne ba sai wannan, don tana fita ƙafarta a ƙasa take, ba a rataye a sama kamar tantabara ba.

Sai yoyo ya dawo. Wani tabo ruwan ƙasa ya fito a kusurwar silin, sama da durowa. In an kwana biyu ana ruwa sai an tara roba.

Ya zo daidai da ƙaramar Sallah. 'Yarmu, ita kaɗai Allah ya bar mana, ta zo daga Birmingham da mijinta da 'ya'yansu biyu. Surukin nawa injiniya ne, aikin gadoji yake yi. Yaro ne mai kunya. Tun da ya auri 'yata bai taɓa cin abinci a gabana ba, bai taɓa haɗa ido da ni ba, in zai gaishe ni sai ya kai ƙasa, duk da kwat da takalmin ofis. Ya shiga gaishe da Hajiya, ya ga robar, ya ɗaga kai. Da ya fito sai ya ce, "Baba, ko zan iya aron tsani?"

Ya hau da kayan Sallarsa. Ina tsaye a tsakar gida ina kallonsa yana takawa a hankali kamar mai tafiya a kan ƙwai. Da ya sauko ya tsuguna ya ce, "Baba, Allah ya ƙara lafiya, akwai ɗan laushi a saman."

Na ce, "Na sani. Za a ƙara masa shimfiɗa."

Ya sunkuyar da kai. Ya ce, "To, Baba." Ya tashi.

Bayan an ci abinci sai 'yar tawa ta same ni a falo. Ita a nan aka haife ta, Hausarta rabi da rabi ce, kuma ba ta iya kewaye-kewaye ba. Uwarta ma tana zaune, mijin yana can tsakar gida wai yana wasa da yara.

Ta ce, "Baba, ya ce katakon ya sha ruwa. Ya ce in aka ƙara wani a kai, ruwan da ke ciki ba shi da hanyar fita, ga kuma nauyi. A ɗaye duka, a canza katako. Mama ta zo wurinmu sati biyu ko uku har a gama. Kai ma ka zo, akwai ɗaki."

Na ce, "Shi ya aiko ki?"

"Ba zai iya faɗa maka ba, ka sani. Please, Baba, aikinsa ne fa."

"Aikinsa gada. Gada daban, ɗaki daban. Tun kafin a haifi mijinki nake ganin ana yaɓen soro. Sabo a kan tsoho ake yi, shi ya sa yake ƙara ƙarfi."

Nan Hajiya ta sa baki, a hankali. Ta ce, "Malam, ba ta ciki ake fara dubawa ba?"

Na juya na ce, "Ke kuma yaushe kika zama magini?" Har da dariyata. Babu wanda ya taya ni. Hajiya ta gyara mayafinta.

Zan faɗi gaskiyar abin da ya tsaya mini a wuya, tun da don shi nake wannan rubutu. Ba maganar katako ba ce. Maganar sati uku ce. A ce na kwashi matata na kai ta gidan suruki, ni ma na bi ta da jakata, na kwana a ƙarƙashin rufinsa, na ci tuwonsa, ya riƙa ɓuya a gidansa don kunyata. Ko kuma na zauna ni kaɗai a Gorton, ran Juma'a a tambaye ni ina Hajiya, na ce tana gidan suruki, ɗakina ya gagare ni. A inda na taso dattijo ba ya tarewa a gidan 'yarsa. Na ga kamar in na yarda, na sauka daga wani wuri da ba zan sake hawa ba.

Akwai wani dattijo ɗan Jamaika a Moss Side, mai aikin rufi, da na sani tun ina jan bas. Kullum da safe yakan shiga motata da jakar kayan aikinsa kafin ya sayi tasa, yana kirana Direba. Shi na kira. Ya zo ya hau, ni ma na bi shi har bakin tsani. Ya taka nan, ya taka can, ya danna da dunduniya, sai na ga wurin ya lotsa ya dawo, wani ruwa baƙi ya ɓullo ta gefen ɗinki.

Ya ce, da Turancin nan nasu mai kamar waƙa, "Direba, wannan ba rufi ba ne, katifa ce."

Na ce shimfiɗa ɗaya nake so ya ƙara mini. Na ba shi labarin garinmu da mahaifina da yaɓen kowace shekara. Ya saurara har na gama, yana sosa gemu.

Ya ce, "A garin naku wata nawa ake ruwa?"

Na ce huɗu, in ya yi yawa biyar.

"Sauran watannin rana tana busar muku kyauta. Nan wa zai busar maka? Duba sama, Direba. Yaushe rabonka da rana?" Ya ce in rufin a bushe yake, katakon da ƙarfinsa, ana iya ƙara ɗaya a kai, shi ma ya sha yi. Amma wannan ya riga ya sha biyu, kuma cikinsa a jiƙe yake. "Wa ke kwana a ƙasa?"

Na ce matata.

Ya dube ni ya daɗe. Ya ce, "Ni ba na sa wa gawa sabuwar riga. In ka shirya ɗayewa ka kira ni." Ya sauka, ko shayin da Hajiya ta haɗa masa bai tsaya sha ba.

Mutum biyu ke nan suka gaya mini, uku da Hajiya. In kunne ya ji jiki ya tsira, amma nawa kunnen na toshe shi da hannuna. Na nemo waɗansu mutum biyu masu farar mota da na ga takardarsu a ƙofa. Ba su tambaye ni komai ba, ni ma abin da nake so ke nan. Wuni ɗaya suka yi da wutarsu ta gas suna narka kwalta, unguwa ta cika da wari, kafin la'asar sun gama. Rufi ya fito baƙi wuluk yana ƙyalli. Na hau bene na ɗauki hotonsa ta taga na aika wa 'yata, ban rubuta komai ba. Ta gani, ba ta amsa ba.

Lokacin zafin ƙasar nan ya wuce lafiya. Babu ɗigo ko ɗaya. Na zubar da robar.

Da sanyi ya shigo sai ɗakin ya fara wari, irin warin rigar da aka manta a bokiti. Babu yoyo, amma bango yana gumi. Hajiya ta jawo durowa wata rana don ta share, sai ga fumfuna baƙa ta rufe bayanta. Ta fara tari. Da farko na ce sanyi ne, kowa ma yana yi. Tarin ya ƙi tafiya, har in ta yi doguwar magana sai ta tsaya. Na kai ta wurin GP, likitar unguwarmu. Likitar, wata yarinya ce mai kirki, ta saurari ƙirjinta, ta tambaya ko akwai laima a gidan. Hajiya tana jin Turanci, ba sai na fassara mata ba. Ta buɗe baki za ta amsa, na riga ta. Na ce babu, ba a daɗe da yin sabon rufi ba. Likitar ta dubi Hajiya. Hajiya ta dubi hannunta.

Tabon ya dawo, ya fi na da faɗi. Na sayo fenti na musamman da ake cewa yana rufe tabo, na hau kujera na shafe shi sau biyu. Ƙofar ɗakin ta fara cijewa, na sa wuƙa na kankare samanta. Sannan wata rana Hajiya ta ce, "Malam, silin nan fa yana yin ciki."

Na ce idonta ne. Na ce in sanyi ya wuce zan sa a duba.

Ba idonta ba ne, kuma na sani. Kwana kaɗan kafin nan, tana banɗaki, na ɗauki sandar tsintsiya na ɗan tura silin. Sandar ta shige kamar a cikin gurasa, ta bar rami. Na tsaya riƙe da ita. Wayata tana aljihuna, lambar surukina tana ciki. Abin da ya rage na danna na ce, ka yi gaskiya, zo ka ɗauki Mama. Na ji motsin ta fito, sai na mai da tsintsiya bayan ƙofa. Washegari na toshe ramin na bi da fenti. Na gaya wa kaina cewa wata biyu ne kacal, abin da ya tsaya shekara da shekaru zai ƙara wata biyu. Ko falo ban ce ta koma ba, don in na ce ta koma sai ta tambaye ni dalili.

Ranar Talata ce. An yi kwana tara ana ruwa, ba mai ƙarfi ba, irin na ƙasar nan da ba ya ɗaukewa. Bayan azahar Hajiya ta ce tana sha'awar romon kifi, ko zai wanke mata maƙogwaro. Na ɗauki lema na tafi kasuwar Gorton. Ban yi sa'a guda ba. Ina shawo kwanar layinmu da ledar kifi a hannu na hango motar asibiti, fitilarta tana juyawa, maƙwabta a tsaye a ƙofofinsu. Ban yi gudu ba. Ƙafafuna sun riga ni sanin gidan wa ne.

Maƙwabciyarmu, wata tsohuwar Baturiya da muke ba ta mabuɗinmu in za mu yi tafiya, ita ta ji ƙarar ta bango, ta shiga, ta buga waya. Katakon da ke riƙe da rufin, biyu ne suka karye daga bakin bango, silin ya rufto da duk ruwan da ya tara. Hajiya tana zaune a bakin gado tana jan carbi. Ya buge ta a kafaɗa ya jefar da ita ƙasa, ƙashin ƙugunta ya karye. Da na shiga sun riga sun ɗora ta a gadon ɗauka. Fuskarta fari fat da garin silin, baƙin ruwa ya jiƙa mayafinta. Ta buɗe ido ta gan ni. Abin da ta ce shi ne, "Malam, sa kifin a firji."

An yi mata aiki washegari. Bayan aikin sai ciwon ƙirjin ya tashi, suka ce da ma can huhun a raunane yake, suka sake tambayar laima. Wannan karon 'yata ce ta amsa. Sati biyar Hajiya ta yi a asibiti. Akwai kwanakin da likita ya kira mu gefe ya yi magana a hankali, na gane abin da yake shirya mu da shi. Allah dai bai nufa ba.

Surukina ya zo tun daren farko bai fasa zuwa ba. A barandar asibiti, gaban mutane, ya tsuguna ya gaishe ni kamar kullum. Ya kawo mini shayi. Ya ce, "Baba, ƙaddara ce, Allah ya ba ta lafiya." Da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Ita 'yar tawa kwana huɗu ba ta yi mini magana ba. A na biyar ta je gidan ɗebo wa uwarta kaya, ta ga gwangwanin fenti a ƙarƙashin matattakala. Ta dawo ta tsaya a kaina.

Ta ce, "Ka gani. Ba wai ba ka sani ba, Baba. Ka gani, ka yi fenti a kai."

Na ce, "Haka ne."

Ta juya ta koma wurin uwarta.

Da lokacin sallama ya yi, matar da ke duba inda mara lafiya zai koma ta ce Hajiya ba za ta hau bene ba, kuma ba za ta koma gidan da ke da laima ba. Kafin a gama maganar surukina ya riga ya kwashe kujerun ƙaramin falonsu na ƙasa, ya sa gado, ya kafa ƙarfen riƙewa a banɗaki. Ni na tura ta a keke har bakin motarsa. Haka aka tafi da ita Birmingham, babu wanda ya nemi izinina, ban kuma ga laifin kowa ba.

Na koma wurin dattijon Moss Side. Ya riga ya ji labari. Bai ce na gaya maka ba, ya dai tambayi jikin Madam. Ranar da suka fara ɗayewa ya kira ni sama, ya yanko gefen rufin da wuƙa ya miƙo mini. Na ga shimfiɗu uku manne da juna, ta mai gidan farko, da tawa ta da, da tawa ta bara wadda har yanzu samanta yake kamar sabo. Tsakaninsu ruwa ne yake tsiyaya. Ya soka sukuddireba a katakon da ke ƙasa, ta shige har mariƙi ba tare da ya danna ba. Ya ɗebo shi da hannu kamar tuwon da ya kwana a ruwa. Babban kwandon shara na ƙarfe da aka ajiye a titi, sai da aka cika shi aka sake kawo wani. Ina tsaye ina kallon abin da ke rataye a kan matata duk watannin nan.

Sati uku aikin ya ɗauka, daidai yadda aka faɗa tun farko. Sabon katako, sabon silin, ɗan gangare don ruwa ya riƙa wucewa. Na yi wa ɗakin fenti, na sayi sabuwar katifa, na mai da rediyonta da na busar ya ci gaba da magana. Sannan na hau bas ɗin Birmingham don na gaya mata ɗakinta ya shirya.

Na same ta a zaune a bakin gado, ƙarfen dogarawa a gabanta. Ta rame, muryarta ta yi ƙasa. Na nuna mata hotuna a waya. Ta duba ɗaya bayan ɗaya, ta ce ya yi kyau. Sai na ba ta labarin shimfiɗu ukun da ruɓaɓɓen katako, na ce ni dai abin da na ga mahaifina yana yi na bi.

Ta ce, "A'a, Malam. Kada ka ɗora wa marigayi."

Garinmu ɗaya da ita, kuma mahaifina ne yake yi wa gidansu yaɓe tun tana yarinya. Ta ce, "Ranar da Baba zai zo gidanmu, tun da safe ake cewa mata su kwashe kaya. Mu fitar da tukwane da kwanuka da tabarmi. Ya shigo da guntun taɓarya yana bugun azara ɗaya bayan ɗaya, yana kasa kunne. In ta amsa da ƙarfi ya wuce. In ta yi masa muryar da bai yarda da ita ba, ya ce gara ta ci, ba zai hau ba sai an kankare ƙasar duka an canza itace. Ko ba gara, in yaɓe ya yi kauri sai ya ce a sauke, azara ba jaki ba ce. Akwai shekarar da muka yi kwana goma sha biyu a gidan kawuna ana aikin ɗakin innarmu. Babu wanda ya ce abin kunya ne." Ta tsaya ta yi tari. "Ku maza daga titi kuke hangensa a sama. Mu muke ciki."

Na ce, "Me ya hana ki gaya mini?"

"Na fara. Ka ce yaushe na zama magini. A gaban yarinya."

Na sauko daga kujera na zauna a ƙasa. Shekara arba'in da huɗu muna tare, ban taɓa zama ƙasa a gabanta ba. Na gaya mata maganar sandar tsintsiya, wadda ko 'yarmu ba ta sani ba. Na ce ta yafe mini.

Ta ce, "Na ga ramin ai. Ina kwance ina kallonsa kafin ka toshe." Ta dube ni. "Na yafe maka, Malam, duniya da lahira. Tun ina kwance a ƙasa ina jiran mutane na yafe, don kada na tafi da shi."

Na ce, "To, ki dawo ɗakinki."

Ta daɗe tana duban hoton da ke wayar kafin ta miƙo mini. Ta ce, "Ba zan iya rufe ido a ƙarƙashinsa ba. Ko nan, in an fara ruwa sai na ɗaga kai. Ka bar ni a nan."

Ban sake roƙonta ba. Yau shekara biyu ke nan. Ba ta sake taka ƙafarta ba tare da ƙarfen nan ba, tarin kuma yana dawowa duk sanyi. Matan Lahadi sun je mata sau biyu ko uku a farko, amma Birmingham ba nan kusa ba ce, kuma su ma tsufa ya kama su. A masallaci an daina tambayata ina Hajiya, kowa ya sani. In aka zo maganar gini ina ji ina shiru.

Ɗakin baya a bushe yake ƙarau. Gadon yana nan a gyare, ina zuba wa na'a-na'ar ruwa. Duk ran Juma'a, in an sauko daga masallaci, sai na biya kasuwa na sayi kifi, don ta ce na can bai kai na Gorton ba. Na naɗe shi a leda biyu da ƙanƙara, na kama bas ɗin yamma. Surukina yana jirana a tasha, ya karɓi jakata, ya buɗe mini ƙofar mota. Ina kwana biyu a gidansa, a ɗakin jikana, ina cin tuwonsa, shi kuma ya ɗauki nasa kwanon ya tafi kicin. Ran Lahadi da la'asar na yi wa Hajiya sallama, ta ce na gaishe mata da maƙwabciya, na dawo Gorton ni kaɗai.